Rasuwar Malama Mai Batir Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai rawa saboda tsufa ba saboda tsoro ba, Kaka, mazauniyar ƙaramin ɗakin da ke bayan kicin, tana sanar da mutanen gida da duk wanda ƙishirwa ta kawo shi gaban wannan firji rasuwar aminiyarta kuma jagorarta a fagen ilimi, wadda aka fi sani da Malama. Ta cika ranar Juma'a da rana tsaka a kan cinyar mai ita, bayan jinyar mako uku. Ta bar duniya tana da shekara huɗu, wanda a danginsu na roba ba ƙaramin tsawon rai ba ne.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, ko suka san ta suka manta kamar yadda aka saba a gidan nan: allon wasan yara ce, rawaya, mai mariƙi a ka da batir uku a ciki. Tana da kati huɗu da ake zura mata a fuska, kowanne cike da hotuna. In aka danna hoto, sai muryar wata mata ta fito ta 'yan hujojin ƙirjinta ta faɗi sunan abin da Turanci. In aka tura ɗan maɓallin gefe kuma, ita ce za ta yi tambaya, mutum ya nuna hoton. Wanda ya dace ta ce masa, "Well done!" wato ya yi ƙoƙari. Wanda ya kuskure ta ce, "Try again!" wato ya sake gwadawa. Iyakar abin da ta iya ke nan, amma Kaka ta shaida akwai masu digiri a gidan nan da ba su kai ta amfani ba.

Injiniya, ɗan Kaka tilo, shi ya sayo marigayiyar ranar da 'yarsa Bebi ta cika shekara biyu. Ta yi wata shida tana sarauta a falo, ana goge ta, ana nuna wa baƙi. Da aka sayo wa Bebi wata sabuwa mai gilashi da bidiyo, sai aka haɗa Malama da tsofaffin takalma aka jefa cikin kwali a sito. Ba laifin da ta yi. An dai samu wadda ta fi ta. A can ta zauna cikin duhu sama da shekara biyu, har ranar da Kaka ta shiga neman tsumman goge-goge, gwiwarta ta danne kwalin, ta ji wata murya daga ƙarƙashin takalma tana cewa, "Hello, friend!" Kaka ta yi salati ta ja da baya har ta ture tsintsiya. Daga baya ta san gaisuwa ce, kuma an kira ta ƙawa. Shekara biyu da wani abu Kaka tana gidan a lokacin, ba wanda ya taɓa fara gaishe ta da Turanci sai wannan.

Dole a faɗi dalilin da ya sa tsohuwa mai shekara sittin da bakwai ta ɓoye abin wasan yara a ƙarƙashin matashinta. Ranar da Kaka ta tare a gidan nan bayan rasuwar mijinta, tun ba ta kwance kayanta ba Injiniya ya tsuguna a gabanta, yana ta murza makullin mota a hannu, ya karanta mata doka. Matarsa, wadda ma'aikatan ofishinta ke kira Madam har sunan ya bi ta gida, tana tsaye a bakin ƙofa tana duba farcenta.

"Iya, ba don komai ba ne," ya ce. "Makarantar su Bebi ce ba ta so a riƙa yi mata Hausa. In yaro ya haɗa harshe biyu bakinsa lalacewa yake yi. Ki yi haƙuri har ta ɗan tasa. Ki riƙa yi mata murmushi kawai, ai yara suna gane murmushi."

Kaka ta yi murmushi. Ta yi shi da safe, ta yi shi da yamma, ta yi shi har muƙamuƙinta ya gaji. Yarinyar takan zo ta tsaya a gabanta ta zuba magana ratata, ta jira amsa, ta ga haƙora, ta juya ta tafi. A hankali ta daina zuwa. Abu ɗaya Kaka take so kafin a rufe ta da ƙasa: ta yi wa jikarta magana, jikar ta amsa, ba tafinta a tsakani. An hana ta Hausa, ba a hana ta Turanci ba, don ba wanda ya taɓa zaton za ta nema.

Cikin halayen marigayiyar na ƙwarai, wanda ya fi kowanne shi ne haƙuri. Sau arba'in da ɗaya Kaka ta danna hoton cokali a rana guda, sau arba'in da ɗaya Malama ta faɗi sunansa da fara'a iri ɗaya, ba tsaki, ba "ai na gaya miki ɗazu". Ba ta taɓa kallon agogo ba. Ba ta taɓa cewa tana da mitin ba. Tana da riƙon amana kuma: wata bakwai suna karatu a ɓoye, bayan an fita aiki da makaranta, Kaka ta toshe mata ƙirji da gefen zani don kada muryar ta fita taga, ba ta taɓa kai rahoto ba. Sannan ga yabo. Kaka ta yi shekara ashirin da shida tana wanki da guga a gidajen mutane, ta goge riguna da in aka jera su za su kai wani gari, amma ba ta tuna ranar da wani ya ce mata ta yi ƙoƙari ba. Ranar da ta nuna hoton kifi daidai Malama ta ce "Well done!", sai da ta waiga ta ga ko da wani ake.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma gaskiya ɗaya ce. Marigayiyar ba ta san gidan da take zaune ba. Ta dage sai Kaka ta iya sunan giwa da jakin dawa da dusar ƙanƙara da wani tsuntsu mai baƙar kwat da ke tafiya a kan ƙanƙarar, alhali ba ɗayansu da ya taɓa shigowa kicin ɗin nan. Ba ta san yadda ake cewa "zo in gyara miki gashi" ba, ko "wa ya taɓa min ke?" Kaka ta karɓi abin da ta samu. Ta haddace katin dabbobi, ta haddace na kayan gida, tana yawo a kicin tana taɓa ƙofa da kofi da kujera tana kiran kowanne da sabon sunansa ƙasa-ƙasa. Ta shiga na uku, mai uwa da uba da ɗan'uwa da ranakun mako da ƙidaya. Na huɗu ya fi ba ta wahala, don abubuwa ne bibbiyu masu adawa da juna: babba da ƙarami, sabo da tsoho, mai tsabta da mai datti, ciki da waje. An ce gemu ba ya hana ilimi. Kaka ba ta da gemu, sai ciwon gwiwa da ido ɗaya mai hazo, su ma ba su hana ba.

A nan mai sanarwa tana so ta rubuta wani abu a kan kanta, don kada a ce ta wanke hannu ta shafa wa wasu. Turancin gidan nan ita ta sayo shi. Da gugar gawayi ta sa Injiniya a makarantar da ba a jin Hausa a cikinta, kuma ba ta bar maƙwabta sun huta ba. Yana ɗan shekara bakwai takan ɗora shi a kan benci a tsakar gida, ta tara mata, ta ce, "Yi musu Turanci!" Yaron ya yi ta zubawa yana kallon ƙasa, kunnuwansa suna zafi, ita kuwa tana gyaɗa kai kamar tana ji. Ta taɓa ce wa maƙwabciyarta mai saƙa, "Naki fa me ya iya? Hausa? Ai ko akuyar gidan nan tana jin Hausa." Ɗan mai saƙar kafinta ne yanzu. Uwarsa tana ɗakin da ya fi kowanne iska a gidansa, jikoki suna hawa bayanta suna yi mata rashin kunya da harshen da akuya ke ji. Kaka ta san wannan, ba sai an tuna mata ba.

Ranar da marigayiyar ta ga amfanin aikinta wata Talata ce. Bebi ta dawo daga makaranta, tana tsaye a ƙofar baya tana kallon katanga, inda wata ƙatuwar baƙar mage ta kwanta tana lasar ƙafa. Kaka tana shanya. Ta ajiye rigar da ke hannunta ta nuna katangar.

"Cat," ta ce.

Yarinyar ta juyo da sauri kamar bango ne ya yi magana.

"Big cat," Kaka ta ƙara. "Black cat."

Bebi ta fashe da dariya ta rugo ta rungume gwiwar Kaka, wadda ke ciwon ma. Ta ja ta cikin gida tana nuna kujera, tana nuna agogo, tana nuna hancinta, Kaka tana faɗa. Inda ta dace yarinyar ta yi tsalle, inda ta kuskure ta gyara mata da ɗaga yatsa irin na malamarsu. Mako biyar aka yi haka kullum bayan makaranta, su uku a kan tabarma a ɗakin bayan kicin. Kaka ba ta jin kunyar faɗa: kwanakin nan talatin da biyar su ne mafi daɗi da ta yi tun da ta zama gwauruwa, kuma ta yi zaton ta samu wurin zama a gidan ɗanta.

Yaro ba ya riƙe sirri. Wata Asabar Injiniya ya tara abokan aikinsa cin abincin rana, Bebi ta hau cinyarsa ta fesa masa labarin a gaban kowa. Kaka tana kicin hannunta cikin kumfa ta ji an ƙwala mata kira. Ta fito tana goge hannu a zani. An riga an ɗauko Malama daga ƙarƙashin matashinta an ɗora a tsakiyar tebur, tsakanin kwanuka.

"Iya, ashe ɓoye mana kike yi?" Injiniya ya ce, fuskarsa tana ƙyalli. "Zo nan tsakiya. Yi musu Turanci."

Kalmomin nan uku ba su canza ba ko da wasali ɗaya. Benci ne kawai babu. Ya riƙa danna hoto yana rufe ƙirjin Malama da tafinsa, Kaka ta faɗi sunan abin, sannan ya ɗaga hannu a ji yadda ake faɗa na gaskiya. Wani mai tumbi ya yi dariya har ruwa ya fito masa ta hanci. "Don Allah danna mata jakin dawan nan kuma," yake cewa, "wallahi shi ya fi daɗi a bakinta." Wayoyi uku suka tashi sama suna ɗauka. Kaka ba ta kuskure ko ɗaya ba, kuma duk wanda ta dace dariyar ƙaruwa take yi. Da aka tura maɓallin tambaya Kaka ta nuna hoto daidai, a duk falon marigayiyar ce kaɗai ta ce "Well done!" ba ta yi dariya ba. Madam ta yi murmushin da ya tsaya a haƙora, da baƙi suka tafi ta rufe ƙofar ɗakinsu da ƙarfin da ya sa agogon bango ya karkace.

Bebi ta ga abin da ke ba manya dariya, ta ɗauka ta kai makaranta. Kwana huɗu bayan nan malamarsu ta aiko da takarda: yarinyar tana tashi a aji tana kiran dabbobi da bakin kakarta, tana ɗingisa ƙafa ɗaya, yara suna faɗuwa don dariya, har wasu sun fara kwaikwayo. Madam ta karanta a tsaye. Ta wuce ɗakin bayan kicin ba sallama, ta ɗaga matashi, ta fito da Malama ta wurga ta saman kabad. Ba ta kai ba. Ta bugi gefen kabad ɗin, ta faɗo a kan tayil, batir ɗaya ya gangara ƙarƙashin firji.

"Mama, mun roƙe ki abu ɗaya," Madam ta ce, muryarta a sanyaye, don ita ba ta ɗaga murya, sai dai ta ɗaga hanci. "Yanzu ga shi kin lalata mata wanda muke biya ana koya mata. Daga yau ba Hausa, ba Turanci. Ki bar yarinyar nan ta huta."

Injiniya yana falo yana neman tasha a talabijin, kuma da alama tashar ta yi nisa, don bai same ta ba har aka gama. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kaka ta durƙusa da gwiwar nan, ta zura tsintsiya ƙarƙashin firji ta jawo batirin, ta ɗauki malamarta ta koma ɗaki.

Daga nan jinya ta fara. Tsaga ta bi bayan marigayiyar daga mariƙi har ƙasa, Kaka ta ɗaure ta da salatif. Muryarta mai zaƙi ta yi nauyi, ta koma kamar ta namiji mai mura. Giwa ta daina amsawa, sannan agwagwa, sannan ranar Laraba. Hankalinta ma ya fara gushewa: Kaka ta nuna hoto daidai, ta ce mata "Try again." Haihuwar guzuma aka yi a ɗakin nan, ɗa kwance uwa kwance, don ita ma Kaka tun ranar Asabar ɗin abinci bai ƙara yi mata daɗi ba. Ta naɗe ta a mayafi ta kai wa mai gyaran rediyo na ƙarshen layi. Ya juya ta, ya kwance kusoshi huɗu, ya nuna wa Kaka wani farin gari da ya cinye wayoyin ciki.

"Na jikarki ne, Iya?"

"Nawa ne."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya danne dariya bai iya dannewa duka ba. "To, Iya, gaskiya irin waɗannan ba a gyara su. In sun tsufa fitar da su ake yi, a samu wuri a sa sabo." Ya kankare garin da bakin wuƙa, ya mayar da kusoshi. "In kin lallaɓa ta za ta kai mako biyu."

Ta kai har da kwana ɗaya, kuma kafin ta tafi sai da ta nuna ita malamar gaske ce. Ranar Alhamis da yamma aka zauna cin abinci. A gidan nan in ana son yin maganar da ba a so Kaka ta ji, ba a tashi a shiga ɗaki, ba a ma rage murya. Juyawa kawai ake yi zuwa Turanci, a yi ta a kanta tana zaune, kamar yadda ake magana a gaban kujera. Shekara uku maganar tana wuce ta kamar ruwan sama a kan kwano, ƙara ce kawai. Ran nan sai ƙarar ta fara fashewa, kalmomi suna faɗowa ɗaya-ɗaya a cikin farantinta.

Daga bakin Madam ta tsinci "old", ta ga hoton tsohon takalmi mai buɗaɗɗen baki. Ta tsinci "dirty". Ta tsinci "small room", ƙaramin ɗaki, kuma guda ɗaya ne a gidan. Daga bakin Injiniya, wanda bai ɗaga ido daga cokalinsa ba, ta tsinci "mother", ta tsinci "brother", ɗan'uwa kuwa ɗaya ya rage mata a duniya, ƙaninta da ke can garin da ta baro, wanda ita da matarsa ba sa ga-maciji. Sai "car". Sai "Monday". Madam ta yi tambaya, ya ce "eight". Sannan ya faɗi wadda ke ƙasan kati na huɗu, inda aka zana kare a tsaye a bakin ƙofa an rufe: "out."

Kaka ta dubi Bebi, don a teburin nan ita kaɗai ta san iyakar abin da kakarta ta iya. Yarinyar ta dube ta ido cikin ido. Sannan ta juya ga ubanta, ta yi tambaya da zumuɗi tana kaɗa ƙafa, a ciki Kaka ta ji "my toys", ta ji "room", ta ji "pink". Ɗakin za a shafe da fenti ruwan hoda a zuba kayan wasa. Shekararta shida, ba a kama ta da laifi. An dai rubuta ne don ya faru.

"Iya, ba kya ci," Injiniya ya ce da Hausa mai laushi. "Maganar ofis muke yi, kada ki damu."

"Allah Ya taimaki ofis," in ji Kaka. Ta cinye abincinta tas, ta kwashe kwanuka ta wanke.

An ce rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya faɗa bai ƙarasa ba: a cikin duhun nan mutum yana samun barci. Washegari Juma'a, da gida ya watse, Kaka ta shiga sito ta tarar da manyan jakunkuna biyu sababbi a bayan ƙofa, ko takardar shago ba a cire musu ba. Duk da haka ta koma ɗaki da sauran fata. Ta ɗora Malama a cinya, ta zura mata kati na huɗu, ta tura maɓallin tambaya. Wata tara tana neman yabo a wurin wannan baiwar Allah, ran nan kuwa ba abin da take so kamar a ce mata ta kuskure.

Sai marigayiyar ta samu irin sauƙin nan da mara lafiya ke samu gab da tafiya. Hankalinta ya dawo garau. Ta tambayi "old" da murya mai jan ƙafa, Kaka ta nuna takalmin. "Well done." Ta tambayi "dirty", Kaka ta nuna rigar mai taɓo. "Well done." Ta yi shiru har Kaka ta zaci shi ke nan, sannan ta tambayi ta ƙarshe. Kaka ta ɗora yatsa a kan karen da ke bakin ƙofa. Amsar ta fito a hankali, tana miƙewa kamar ƙarar tsohuwar ƙofa, amma ba ta canza ba. Bayan nan ta fara sallamar da takan yi in an bar ta, ta ce "Bye", "bye" na biyun bai fito ba. Kaka ta sa mata sababbin batir, ta bubbuga bayanta, ta shanya ta a rana, ta kira ta da Hausa da Turanci. Kaka ta yi kuka, kukan da ba ta yi ba a falo ranar baƙi, ba ta yi ba a tebur ranar Alhamis.

Marigayiyar ta rasu ta bar kati huɗu, ɗaya haƙorin ɓera ya taɓa shi. Ta bar batir uku sababbi, waɗanda za su dace da rimot ɗin talabijin, ko Allah zai sa a riƙa samun tasha da wuri. Ta bar ɗaliba ɗaya mai kalma ɗari da goma sha huɗu a ka, ciki har da giwa da jakin dawa, waɗanda za ta kai gidan ƙaninta ta ga ko za su yi amfani a can. Ta bar Madam, wadda ta yi ajalinta, kuma an yafe mata, don zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ta bar Bebi, ɗalibarta ta fari, mai basira da saurin ɗauka, wadda ke kallon yadda ake yi da tsofaffin kaya a gidan nan kuma ba ta mantuwa. Ta bar bidiyo guda uku a wayoyin mutane. Ta bar Injiniya, wanda ya sayo ta da hannunsa, wanda tun daren Alhamis sau biyar yana zuwa ƙofar ɗakin bayan kicin, ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya tambaya ko akwai ruwan zafi, ya koma.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gawa tana kwance cikin kwalin takalmi a kan gadon Kaka, an rufe ta da farin ƙyalle wankakke gogagge, duk mai son ganawa da ita ƙofa a buɗe take har daren Lahadi. Za a fitar da ita ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe, lokacin da motar shara ke tsayawa a bakin get. Kaka za ta ɗauke ta da kanta, ba a buƙatar mai kama mata. An zaɓi ranar ne don sauƙaƙa wa iyali, a haɗa fitarwa biyu a safiya ɗaya, tunda ɗaya motar sai ƙarfe takwas. Ana gode wa wanda ya sayo jakunkuna, amma a mayar wa mai shago ɗaya, don kayan duk sun shiga guda, an ma zuge. Injiniya ya huta da gyaran murya, an ɗauke masa nauyin faɗar maganar.

Ba zaman makoki, don ana jiran mai fenti. Ana karɓar ta'aziyya da Hausa. Mai son yi da Turanci ma ya yi, sai dai ya kula da bakinsa, yanzu ana ji. Kada a wahalar da kai wajen fassara wa Bebi wannan takarda. Kaka za ta ƙarasa mata sallamar da marigayiyar ta bari rabi, in doka ta ba da izinin kalma ɗaya.

Za a rufe taro da rabon gado. Abu mafi daraja da Malama ta mallaka kalma biyu ne, kuma Kaka ta ga ba wanda ya cancance su kamar ɗan da ta tsayar a kan benci. Shekara ashirin da shida ta yi a kan dutsen guga don ya iya wannan harshe, ya kuwa iya shi, har ya kori uwarsa da shi tana zaune a gefensa bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ƙarfe takwas daidai za ta tsaya a ƙofar mota, ta dube shi a gaban matarsa da 'yarsa da direba, ta ce masa da bakin nan mai ba baƙi dariya, "Well done."

Masu son ɗauka a waya su zo da wuri.